Tortar Luz da Ƙullun Inna

Nana, Bashir, saboda ku na zauna rubuta wannan babin, da 'ya'yanku in sun kai hankali. An daɗe ana ba ku labarin shekarar da na bar Paris na koma Lyon, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Wasu sun ce wata baƙuwa ce ta juya mini kai bayan rasuwar babanku. Wasu sun ce na je ƙasarsu na ci abin da Musulmi ba ya ci, kunya ta hana ni zama cikin mutanenmu. Ke Nana na san har ɗakinki aka bi ki da wannan magana, kika sha kukanki kika ɓoye mini. Na yi shekaru ina ji ina kawar da kai, don ni ban iya bin mutane da rantsuwa a kan abin da ya shiga cikina ba. Yanzu da gwiwoyi suka fara ba ni labari, gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa muku a madadina.

Sunanta Luz. 'Yar ƙasar Filifin ce, daga wani ƙaramin gari a kudancin tsibirin Cebu, Kirista, gajeriya, mai dariyar da ake jiyowa daga hawa na biyu. Tare muka yi aiki a gidan kula da tsofaffi da ke bakin Paris, muna ɗaga su, muna yi musu wanka, muna shan zaginsu da faransanci mai kyau. Ranar da muka fara cin abinci tare ta miƙo mini wani ɗan burodi mai laushi a takarda, ta ce sunansa pandesal, da shi ake karya kumallo a ƙasarsu. Na riƙe ina juya shi, ina tambayarta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan kwastan, har na zo kan alade. Na zaci za ta ji haushi, don na saba da masu jin haushi. Sai ta karɓe burodin daga hannuna, ta ce babu alade a ciki, amma farantin da ta gasa shi ta taɓa gasa wani abu a kai, in dakata mata. Ta je kasuwar unguwar Barbès ta sayo sabon faranti, ta ɗaura masa jan zare a kunne, ta ce wannan na Halima ne. Tun daga ranar babu abin da ya hau farantin nan sai abin da zan iya ci.

Babanta, wanda take kira Tatay, mai gidan burodi ne a garinsu, kuma da abu ɗaya aka san shi: torta. Wani irin gato ne, wato kek, na gwaiduwar ƙwai da sukari, ana gasa shi a murhun laka da wutar ɓawon kwakwa. Luz in ta fara maganar tortar Tatay sai shayinta ya huce. Burinta ɗaya a duniya, ta buɗe ɗan shago a ƙasar nan ta gasa ta da sunan babanta, don 'yan ƙasarsu da suka tsufa suna goge gidajen mutane su ji ɗanɗanon gida. Har ta samu wuri a Lyon, a unguwar Guillotière, inda wani tsohon mai gasa burodi zai ajiye aiki. Ana cikin haka ciwo ya kama ta a maƙogwaro. Allah Ya ba ta lafiya bayan doguwar jinya, amma maganin ya tafi da ɗanɗanonta gaba ɗaya, ƙamshi ma sai dai jefi-jefi.

Ni kuwa kun san 'yar mai masa ce. A Maradi Inna takan tashe ni da asuba, ta laƙato ƙullu da yatsa ta sa mini a harshe, ta ce in faɗa mata ko ya tashi. In na ce “da daɗi” sai in sha ranƙwashi, don daɗi ba amsa ba ce a wurin Inna. Sai na ce tsamin ya yi, ko da saura, ko kanwa ta yi yawa. Da wannan harshen na zama mai girkin suna da biki na 'yan Nijar a Paris. Babu taron da za a yi daga unguwar Goutte d'Or har bayan gari ba a zo an ɗauke ni da tandata ba, kuma ba na ɓoye muku, ina jin kaina da wannan suna.

Wata Lahadi Luz ta hau matakalar nan tamu mai kashe gwiwa, ta ajiye farantin jan zare a gabana cike da pandesal. Na ɗauka na gatsa, sai na nemi inda zan tofar. Gishiri ne zalla. Ta yi dariya har ta dafa bango, daga nan dariyar ta koma kuka. Da faransanci muke magana, nata da nawa duk a karye, amma ba mu taɓa rasa fahimtar juna ba.

“Kin gani? Na ba mutum uku kafin ke, duk suka ce ya yi daɗi. Ke kaɗai kika tofar.”

Na ce, “To in haɗiye in mutu?”

“Shi ya sa nake son ki. Hannuna bai manta komai ba, Halima. Baki ne ba ni da shi. Ki zama bakina.”

Na ce mata bakina bai san abincinsu ba, bai san yadda ya kamata ya kasance ba balle ya gane in ya kauce. Ta ce to mu je ya koya. Mu tafi Cebu, mu bi garuruwa ɗaya bayan ɗaya, in ɗanɗana abin kowane gari a inda ake yin sa, mu ƙare a murhun Tatay da yayarta take riƙe da shi tun rasuwarsa. Sannan ta sunkuyar da kai ta faɗa mini abin da ta daɗe tana kewayewa. Tortar Tatay da kitsen alade ake yin ta, kuma da bammin kwakwa ake tayar da ƙullunta. Wato abu ɗayan da take so in riƙe mata shi ne abu ɗayan da ba zai taɓa shiga bakina ba. Na ce to ina amfanin tafiyar? Ta ce ita ma ba ta sani ba, amma in ba a gwada ba tortar ta mutu a nan ƙasar tare da harshenta.

Kafin in ba ta amsa sai da na je Barbès wurin Alhaji Mamman, wan babanku, a shagonsa na wayoyi, don shi ne babbanmu a nan. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da yara da sanyi da labarin Maradi, jirgin metro yana wucewa a kanmu yana katse mu. Ashe labari ya riga ni zuwa.

“Halima, mi nike ji? An ce za ki bi wagga mata ki tahi ƙasassu.”

“Haka ne, Yaya Alhaji. Shawara na kawo muku.”

“Shawara bayan kin gama shiri? Can hwa ko burodi da kitsen alade ake yin shi. Ni na san ki, ba ki ci da gangan. Amma wa za shi tsaya miki shaida? Ke ce mai girkinmu. In kinka tahi kinka dawo, wallahi akwai waɗanda ba su sake cin abincin hannunki.”

Ba mugu ba ne baffanku, Allah Ya jiƙansa, kuma abin da ya faɗa haka ya faru. Na fito daga shagon zuciyata na tafasa, ba don ya yi ƙarya ba, sai don na tuna farantin jan zare. Matar da ta tsare mini bakina shekaru ba tare da kowa ya sa ta ba, yau ita ke neman aron bakin. Na ɗauki hutu a wurin aiki muka tafi.

Zan so ku ga ƙasar nan da idonku wata rana. Hanya ɗaya ce take bin bakin teku, bas yana tsayawa a kowane ƙaramin gari, kuma kowane gari da abin da yake taƙama da shi, ba ya kwaikwayon maƙwabcinsa. Gidajen burodinsu ƙanana ne, akwatin gilashi a gaba, murhu a baya, mai gidan da fulawa har gira. Tun duhun asuba ake layi ana karɓar pandesal da zafinsa a jakar takarda. A wani gari na ci burodi mai kwakwa da sukari a ciki. A wani aka ba ni shinkafa mai danƙo a naɗe da ganyen ayaba, da mangwaro a gefe da ruwan cakulan mai kauri da ake kaɗawa da muciya ƙarama. Akwai garin da nasu shinkafa ce busasshiya da aka daskarar da sukari da gyaɗa, wadda ta tuna mini da nakiyar Inna. Da rana mukan zauna a rumfa a kawo miyar kifi da tumatir da wata ciyawa mai ƙamshin lemo, da shinkafar da aka dafa cikin saƙaƙƙen ganyen kwakwa. Ranar da na leƙa kwano na ga ganyen zogale yana yawo a miyar, sai da na yi guɗa a gaban mutane. Na tsallake duniya na zo na tarar da zogale yana jirana.

Aikinmu kuwa tsari gare shi. Luz za ta shiga gaba ta tambayi mai gidan da yarensu da wane mai aka yi kowane abu, a kan me aka gasa shi. Ba su taɓa yi mana dabara don su sayar ba. Mutum zai nuna rabin kayansa da yatsa ya ce wannan a'a, wannan a'a, wannan ne kawai za ta iya. Sai in ci, Luz ta zuba mini ido.

“Me kika ji? Kada ki ce da daɗi.”

Na ce, “Ke ma? Haka Innata take cewa.”

“Me ya fara zuwa, gishiri ko zaƙi? Me ya rage bayan kin haɗiye?”

In faɗa, ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Wani lokaci ta ce wannan mai gidan ya rage ƙwai, da ba haka yake ba. Wani lokaci ta rufe ido ta ce in sake faɗa a hankali. Na gane daga baya cewa ta bakina take cin abincin ƙasarta.

Akwai wani tsoho da ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah, ko da yake ban san sunansa ba. A wani gari ne mai coci babba da kasuwa ƙarama. Ya ba mu tabbacin biskitinsa da man kwakwa ya yi shi, muka saya muka fito muka zauna jiran bas. Na buɗe takarda ke nan na ɗaga ɗaya, sai na ji ihu. Ga tsohon nan a guje, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a baya, ya zo ya kaɓe biskitin daga hannuna ya faɗi ƙasa. Na miƙe zan yi masa ta Maradi. Luz ta riƙe ni tana fassara mini abin da yake faɗa yana haki: bayan fitarmu matarsa ta tuna da kitse ta shafe farantin da safe. Ya karɓe takardar duka, ya ja mu muka koma, ya sa matar ta gasa mini wainar shinkafa a ganyen ayaba, wuta sama wuta ƙasa, ina kallo tun daga ƙullu har ta nuna. Bas ya tafi ya bar mu. Wannan mutum bai san ni ba, ba addininmu ɗaya ba, kuma da ya yi shiru babu wanda zai sani har abada. In wani ya sake ce muku uwarku ta ci alade a can, ku ba shi labarin tsohon nan mai takalmi ɗaya.

Wani abin da ya burge ni shi ne tsaraba. Suna da sunanta, pasalubong, kuma sun fi mu riƙe ta. Mutum ba ya wuce gari bai sayi abin garin ya kai gida ba. Kafin mu isa garinsu Luz kwalaye sun kai mana wuya, kowane da wanda aka saya dominsa.

Yayarta, Manang Pilar, ita ce akasin Luz. Doguwa, busasshiya, ba ta dariya sai da dalili. Ta karɓe ni da mutunci, ta ware mini tukunya da cokali, ta nuna mini alƙibla ba tare da na tambaya ba. Amma da Luz ta gaya mata muna neman hanyar yin torta babu kitse babu bammi, sai ta ajiye abin da ke hannunta.

“To ku yi gato. Gato ba laifi ba ne. Amma kada ku kira shi torta.”

Duk da haka ta yarda in zauna in kalla. Na zauna a bakin ƙofa da hancina da idona. Na ga yawan gwaiduwar da ta fasa har na ji tausayin kajin garin. Ta kwaɓa, ta zuba bammin, ta rufe da ƙyalle ta bar shi wuni guda. Da yamma da ta buɗe sai wani tsami ya bugi hancina, na ga ƙullun yana ƙananan idanu yana numfashi. Na san wannan tsamin. Shi ne wanda ake tashina da asuba in ɗanɗana. Na ce da Luz ta gaya wa yayarta ba bammin tortar take so ba, tsaminsa take so, kuma ni na san inda ake samun tsami irin wannan ba tare da giya ba. Pilar ta dube ni sama da ƙasa. Na jiƙa shinkafa, na niƙa, na haɗa da dafaffiya da ruwan kwakwa sabon fashi, na rufe ya kwana. Da safe na soya musu masa a kaskon da na samu. Pilar ta ci ɗaya a tsaye, ta ci ta biyu a zaune, ta shinshina sauran ƙullun. Ta ɗauki jakarta ta fita kasuwa. Sai ga ta da sababbin gwangwanayen gashi da sabuwar tukunyar laka, don murhun Tatay ya sha kitse shekaru. Luz ta ciro jan zare daga jakarta ta ɗaura wa tukunyar.

Ƙullun Inna ya tayar da tortar, wannan kam Pilar da kanta ta amsa. Mai ne ya gagare mu. Da man kwakwa ta ce ya yi surutu, ya rufe ƙwan. Da bota ta ce ya yi sauƙi, babu nauyin da ke zama a baki. Ita tana cin ta Tatay da tamu tana gwadawa, ni ina cin tamu kaɗai, Luz tana tsakiya ba ta jin ko ɗaya, tana kallon bakinmu. Haka hutuna ya ƙare ba mu samu ba. Ranar tafiya Pilar ta naɗe gwangwanayen ta ba ni a matsayin tsarabata, ta juya ga ƙanwarta.

“In kun samu, zan zo in ci. In ba ku samu ba, ki sayar da pandesal ki bar sunan Tatay ya huta.”

Mun dawo Paris ba da jimawa ba aka yi suna a gidan wasu 'yan garinmu. Ba a zo ɗaukata ba, amma na ce ko mantuwa ce, na soya masa cike da roba na aika. Da yamma aka dawo mini da robar yadda na aika ta, ko murfin ba a ɗaga ba. Na sha baƙin ciki iri-iri a ƙasar nan, amma wannan ya shige ni inda ban zata ba. Na zauna na ci masata ni kaɗai ina hawaye, kuma wallahi ta yi kyau. A wannan makon Luz ta karɓi makullin shagon Lyon. Ba ta roƙe ni in bi ta ba, ta ce ta riga ta ci mini da yawa. Ni na ajiye aikina, na saki ɗakin da na haife ku ina ciki, na bar garin da kabarin babanku yake. Ke Nana kika tsaya a kan kayana.

“Mama, c'est pas possible! Wagga ba ta yiwuwa! In kinka tahi yanzu ai kin ba su gaskiya.”

Na ce, “Ɗiyata, in na zauna ma sun riga sun ba kansu.”

Kin yi fushi da ni har aka haifi ɗanki na fari ban riƙe miki shi yadda uwa take yi ba. Wannan rashi ne na gaske, kuma har yau ina jin sa. Alhaji Mamman kuwa muna gaisawa har ya rasu, amma bai sake cin abin hannuna ba.

Shagon Guillotière ɗan tsukuku ne, taram, jirgin ƙasan cikin gari, in ya wuce sai gilashin ya yi rawa. Luz tana kwaɓi, ni ina ɗanɗano. Takan ji da tafin hannunta ko ƙullu ya yi, ta gane nunar burodi da launinsa, ko ta ƙwanƙwasa gindinsa ta saurara. Ban taɓa ganin mai aiki irinta ba. Mace ce da ke tashi kullum ta gasa abin da ba za ta ji ɗanɗanonsa ba, kuma ba ta taɓa rage ƙwai ɗaya ba. Pandesal ya karɓu, 'yan ƙasarsu suna zuwa daga nesa ranar Lahadi, Larabawan unguwa da 'yan Cadi suka gano babu abin tsoro a shagon suka biyo. Amma allon da ke saman ƙofa babu suna, kuma duk wanda ya tambayi torta sai Luz ta ce ba ta nuna ba tukuna. Mun gwada mai iri-iri har tsuntsayen bakin kogi suka san mu saboda yawan abin da muke zubar musu.

Wata maƙwabciyarmu 'yar arewacin Kamaru, mai sayar da atamfa, ita ta dawo daga gida ta kawo mini tsarabar man shanu a kwalba. Ina buɗewa na tsaya. Akwai wani nauyi a ƙamshinsa, irin wanda ke sauka ya zauna, kuma na taɓa jin mai kama da shi a bakin ƙofar Pilar. Muka soya shi, muka tace, muka haɗa da ɗan bota, muka zuba a ƙullun da tsamin Inna ya tayar. Da ta fito daga murhu na bari ta huce, na gutsura na tauna, na sake gutsura.

“Halima, ki yi magana.”

Na ce, “Zaƙi ne ya fara zuwa, amma bai yi ihu ba. Sai ƙwai. Man ya zauna a ganda bai gudu ba. Tsamin sai can bayan na haɗiye ya leƙo.”

Ta zauna a kan buhun fulawa. Ta ce da za a tambaye ta yadda ta Tatay take, da waɗannan kalmomin za ta faɗa. Amma ni ban taɓa cin ta Tatay ba, ita kuma ba ta iya cin wannan, saboda haka babu mai yanke hukunci sai Pilar. Muka koyi yin man da kanmu daga madarar ƙasar nan, mu bar ta ta yi tsami mu kaɗa mu soya, muka ci gaba da jira. Sai da shekara ta kusa zagayowa takardun tafiyar Pilar suka fito.

Ta iso cikin sanyi, a naɗe da rigar Luz da ta yi mata gajarta. Ba ta yarda ta huta ba. Ta zauna a teburin da ke bayan shago, Luz ta ajiye mata torta ɗaya a farantin jan zare. Pilar ta raba ta biyu ta duba cikin, ta shinshina, ta ci. Ta daɗe tana tauna. Sannan ta yi magana, kuma ban buƙaci fassara ba, don na ga fuskar Luz.

“Ba ta Tatay ba ce.”

Na ji kamar in ɗauki muciya. Na bar garina da sunana da jikana, ga matar nan ta rushe komai da kalma biyar. Luz ta ce to, ta fara kwance ƙyallen aikin da ta ɗaura a gabanta. Pilar kuwa ba ta daina ci ba. Ta cinye rabin, ta cinye ɗayan, ta tattara ɓarɓashin da yatsa, ta miƙa hannu ta ɗauki ta biyu daga kan murhu ba wanda ya ba ta. Sai da ta gama ta goge baki.

“Ke ƙarama ce, ba ki sani ba. Ta Tatay ma ba irin ta babansa ba ce. Kakanmu ya yi shekara bai shiga gidan burodin ba saboda Tatay ya ƙara ƙwai.” Ta nuna saman ƙofa da haɓa. “Ki sa sunan. Kuma ranar da zan koma ki naɗe mini guda shida. Zan kai wa Tatay kabarinsa, ya ga abin da 'yarsa ta yi da bakin aro.”

Luz ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ita sai ta ɗauki torta ɗaya ta raba, ta ba ni rabi, ta sa rabi a bakinta, ta rufe ido tana taunawa duk da na san ba ta jin komai.

“Faɗa mini, Halima. A hankali.”

Na fara daga zaƙin, na bi mata har zuwa tsamin.